Benen gilashi a Maraɗi: a kalli nesa, a bar tsakar gidan maƙwabci

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Maraɗi, ko Ali Ɗan Sofo ko Zariya ko bakin manyan tituna, zai ga gini ya koma sama. Fili ya yi tsada, iyali sun ƙaru, ɗan kasuwa kuma yana son shaguna a ƙasa, ofis ko wurin kwana a bisa. Tare da benen sai ga gilashi, shuɗi da kore da mai ruwan tagulla, wani tun daga daɓe har rufi. Alhazai sun gan shi a Dubai da Jidda da Abuja, ya ba su sha'awa, suka dawo da hoto a waya suka nuna wa magini. Ba ni da ja a kan bene, gilashi kuma abu ne mai kyau idan an san inda za a sa shi. Abin da ke damuna shi ne wanda ake bari da biyan kuɗin wannan ado. Sau da yawa maƙwabcin da ke ƙasa ne. Shi zai ƙara layin bulo a kan katangarsa, in ba shi da hali ya ɗaura zana ko tsohon kwano, matansa kuma su koma yawo da lulluɓi a cikin gidan aurensu.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Wanda ya ɗaga idonsa sama da katangar mutane, nauyin tsare wannan ido a kansa yake, kuma tun a kan takardar zane ake sauke shi. Tun ran gini, ran zane.

Sai an tuna yadda gidan Bahaushe yake kafin a gane girman abin. Ɗakuna na ajiya ne da kwanan damina da na sanyi, rayuwa kuwa a tsakar gida take. Nan ake girki da daka da wanki da kitso, nan ake shanya, nan mai jego ke zama, nan kowa ke shimfiɗa tabarma ya kwana idan bazara ta tsananta a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A gidaje da yawa makewayi ba shi da rufi. Magabata sun tsara zaure da shigifa ta yadda baƙo ba zai hango ciki ba, suka kauce wa sa ƙofa ta kalli ƙofa. Ko da garin ya tashi daga kwarin Gulbi ya hau tudu bayan ambaliyar 1945, aka yanka filaye a jere bisa tsarin Turawa, mutane sun tafi da zaurensu da katangarsu. Amma duk wannan tsari ya dogara ne a kan cewa idon kowa yana ƙasa, bai wuce tsayin mutum ba. Bene guda ɗaya a tsakiyar unguwa yana rushe shi ga gida huɗu ko biyar a lokaci ɗaya.

Ga lissafin, don kada a ce zato ne. Daɓen hawa na farko yakan kai mita 3 da 'yan kai daga ƙasa. Idan aka ƙara tsayin idon mutum a tsaye, wajen mita 1 da santimita 60, ido ya kai kusan mita 5. A ce katangar maƙwabci mita 2 da rabi ce, wadda ma doguwa ce a wurinmu, tagar benen kuma tana nesa da ita da mita 3. Abin da katangar za ta ɓoye na ƙasa mita 3 ne kacal daga gindinta. Mutumin da ke tsaye kuwa, da ya matsa daga katangar da ɗan abin da ya wuce mita 1, an ga kansa. Sauran tsakar gidan duka a fili yake. A hawa na biyu ido ya haura mita 8, abin da katangar ke ɓoyewa bai kai mita 1 da rabi ba. Idan maƙwabcin ya ce zai kare kansa da ƙarin bulo, sai katangar ta kusa kai tsayin tagar kafin ta yi amfani, kuma katanga mai mita 5 ba ta tsayuwa a kan tushen da aka haƙa wa mai mita 2. Iskar hadarin farko za ta iya kwantar da ita a kan mutane. Shi ya sa na ce gyaran ba ya yiwuwa daga ƙasa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a wurin malamanmu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Maraɗi, ta kawo ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa, kuma misalin da ta fara bayarwa shi ne buɗe taga ta kusa wadda mutum zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, sai buɗe ƙofa daura da ƙofarsa. Littattafan Malikiyya sun ruwaito hukuncin Sayyidina Umar a kan wanda ya gina ɗaki a sama ya huda taga: a ajiye gado a gindin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in bai hango ba a bar ta. Abin da ya ƙayatar da ni a wannan hukunci shi ne gwaji ne da kowa zai iya yi, ba ya bukatar a tambayi niyyar mai gida. Mai bene yakan ce shi mutumin kirki ne, ba ya leƙe. Na yarda. To amma yana da samari, yana da baƙi, yana da masu aiki, gobe kuma zai iya ba da hayar gidan ko magada su sayar. Ita kuwa matar da ke ƙasa ba ta san lokacin da ake kallonta da lokacin da ba a kallonta ba, don haka kullum a takure take. Dokar Faransa ta 1804, wadda dokokinmu na zamani suka gaji abubuwa da yawa daga gare ta, ta ce tagar da ke kallon filin maƙwabci kai tsaye ta nisanci iyaka da mita 1 da santimita 90, mai kallo a karkace kuma da santimita 60. An yi wannan awo ne don mutanen da ke wanka da kwana a ɗaki rufaffe. Lissafin da ya gabata ya nuna ko mita 3 ba ta tsare tsakar gida ba.

Amsar da aka fi ji daga masu sayar da gilashi ita ce a sa mai madubi, wai na waje ba ya ganin na ciki. Akwai kuskure biyu a nan. Na farko, ko da ya yi aiki, mai benen yake karewa, shi kuwa yana ganin maƙwabci tar, har ma ya fi muni domin maƙwabcin ba zai san an tsaya a tagar ba. Na biyu, madubin yana aiki ne kawai idan hasken waje ya fi na ciki. Da magariba ta yi aka kunna fitila, sai abin ya juye: mai wucewa a titi yana ganin falo da duk wanda ke ciki, na ciki kuma ba ya ganin komai sai fuskarsa. Daga nan sai a sayo labule mai kauri a rufe dare da rana. Ku lura da gidajen gilashin da ke garin nan, ku ƙirga nawa ne labulensu ke buɗe. An kashe kuɗi mai yawa don a ga waje, an ƙare a ɗaki mai duhu da zafi.

Mafita tana cikin rarrabe gani iri biyu. Akwai hangen nesa: sararin sama, hadari idan ya haɗo, kan itatuwa, hasumiyar masallaci, koren kwarin Gulbi. Akwai kuma kallon ƙasa, wanda ba abin da yake nunawa sai rufin kwano da igiyar shanya da mutuncin mutane. Ba wanda ke gina bene don na biyun. Aikin mai zane shi ne ya buɗe na farko ya datse na biyu, kuma ana yin haka da awo.

A duk bangon da ke fuskantar gidan wani, gindin taga ya fara daga mita 1 da santimita 80 sama da daɓe, in an kai mita 2 ya fi. Taga doguwa a kwance, mai tsayin santimita 50 zuwa 60 a ƙarƙashin rufi, tana ba da haske mai yawa, tana fitar da iska mai zafi da ke taruwa a sama, wanda ke kwance a gado kuma yana ganin sama. In ana son haske har ƙasa, sashen da ke ƙasa da wannan awo a sa masa gilashi mai hazo wanda aka yi haka tun daga masana'anta, kuma a kafe shi kada ya buɗu. Ledar da ake mannawa ba ta wadatar ba. Rana na cinye ta, yaro na iya ɓare ta, mai haya na iya cire ta. Gilashi mai hazon ma, in yana buɗuwa, ba abin da ya tsare, domin ranar da zafi ya yi buɗe shi za a yi.

Inda ake son babbar taga ta gaske, a sa mata shinge daga waje. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ba a lura da shi. Tagogin ƙarfe masu fika-fikai da muka saba da su, bakin kowace fiffike na waje yana sunkuye ƙasa don ruwa ya zube. Wannan sunkuyon shi ne daidai hanyar da ido ke bi ya faɗa gidan maƙwabci. Abin da ya dace shi ne faifai a kwance sosai, masu zurfi, a jere kusa da juna, faɗin kowane ya ninka tazarar da ke tsakaninsu sau huɗu. Idan faɗin santimita 20 ne, tazarar ta zama santimita 5. Da wannan awo ido ba zai iya sunkuyawa fiye da digiri 14 ba. Daga hawa na farko, ƙasar da za a fara gani tana nesa da mita 20, daga hawa na biyu ta wuce mita 30, amma sararin nesa yana nan a buɗe. Ana yin faifan da alminiyam ko ƙarfe mai fenti ko siririn kankare, bulo mai huji ma yana yin wannan aiki idan zurfinsa da tsayin hujinsa sun bi wannan lissafi. A bar santimita 50 zuwa 60 tsakanin shingen da gilashin, don iska ta ratsa kuma mai shara ya samu wurin tsayawa, domin faifan kwance matattarar ƙura ne.

Baranda ma tana da dabararta. Maimakon dogarin ƙarfe ko na gilashi da mutum zai jingina ya leƙa ƙasa, a yi bango mai tsayin mita 1 da santimita 10, a ɗora masa kwamin shuka ko dakali mai faɗin da zai hana mutum kusantar baki da kusan mita 1. Wanda ya tsaya a hawa na farko ba zai ga ƙasa ba sai bayan mita 10. Wannan ya isa idan titi ne a gaba. Idan gidan mutane ne a manne, baranda ba ta da wuri a wannan ɓangare, a mayar da ita wani gefen. Saman rufin kankare kuwa, wanda ake hawa shan iska ko duba tankin ruwa, a kewaye shi da bango mai mita 1 da santimita 80 a duk gefen da ke kallon gidaje. Tagar matakala ita ce aka fi mantawa da ita, alhali kowa na bi ta gabanta sau goma a yini.

Sai maganar rana, wadda ita ce rabin matsalar, kuma abin daɗi shi ne maganinta da maganin leƙe kusan ɗaya ne. Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana na tsayawa daidai tsakar ka da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu, kuma ko a Disamba da ta fi yin ƙasa tana kai digiri 53 a tsakar rana. Ma'anar wannan ita ce bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa. A kudu, rumfar kankare da ta fito da kashi uku cikin huɗu na tsayin da ke tsakaninta da gindin taga ta wadatar: in tsayin mita 2 ne, rumfar ta fito mita 1 da rabi. Barandar hawan sama tana iya zama rumfar hawan ƙasa, ba sai an ƙara kashe kuɗi ba. A arewa ƙaramar rumfa ta isa, tare da 'yan fika-fikai a tsaye a gefen taga saboda ranar safe da ta yamma a watannin Yuni da Yuli. Kudu da arewa ne wurin babban gilashi.

Gabas da yamma su ne masu wuya, domin rana na shigowa a kwance, rumfa ba ta tare ta. Yamma ta fi muni saboda tana haɗuwa da lokacin da iska da bango suka riga suka ɗauki zafin yini. Da la'asar a bazara, kowace murabba'in mita ta bangon yamma tana iya karɓar zafin da ya kai wat 600. Farin gilashi na gama-gari mai kaurin milimita 6 yana barin kusan kashi 80 cikin 100 ya wuce. Bangon gilashi mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2 da rabi, wato murabba'in mita 10, zai zuba wa ɗaki kusan wat 4,800. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki 1 da rabi tana kwashe wajen wat 3,500. Ke nan na'ura guda ba ta ma biya bashin wannan bango ba, balle ta sanyaya mutane. Labule na ciki ba ya gyara wannan sosai, domin zafin ya riga ya shigo kafin ya tarar da shi. Gilashi mai duhu kuma yana shanye zafin ne a jikinsa, ya yi zafi kamar tanda, ya riƙa turo wani kaso ciki.

Abin takaicin shi ne mafi kyawun abin kallo a garin nan yana yamma: kwarin Gulbi da mangwarorinsa da lambunansa, da faɗuwar rana a bayansu. Wanda filinsa ke hango wannan, ban ce ya toshe shi ba. Ya yi taga ɗaya mai kyau, daidai wurin zama, ya tura ta ciki bayan baranda mai zurfin mita 2, ya sa mata faifan nan na kwance. Su ɗin da suka hana ido sunkuyawa za su hana rana shiga har sai ta sauko ƙasa da digiri 14, wato kusan sa'a ta ƙarshe kafin faɗuwarta, lokacin da ƙarfinta ya ragu. A ganina gilashin gida gaba ɗaya kada ya wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na faɗin bangonsa, na yamma da gabas kuma ya tsaya ƙasa da rabin haka. Gabas tana da ƙarin dalili: daga can hadari ke tasowa da iska da ƙura kafin ruwa ya sauka, shi ya sa maginan da suka gabata suke ƙanƙanta ƙofofin wannan gefe.

In za a sayi gilashi, a tambayi lambar da ke nuna kason zafin rana da ke ratsa shi, wadda ake rubutawa da harafin g. Na gama-gari yana wajen 0.8, mai kariyar rana na kirki yana sauka zuwa 0.3 ko kusa da haka ba tare da ya duhunta ɗaki ba. Launi ba ya nuna wannan, sai takardar masana'anta. Gilashi mai ruɓi biyu da iska a tsakani yana rage zafin da ke ratsowa daga iskar waje da kusan rabi, yana kuma rage ƙarar babura, amma in babu inuwa a kansa bai hana rana shiga ba, kuma idan bakinsa ya buɗe sai tururi da ƙura su shiga tsakani, ba ya gyaruwa sai sauyawa. Wanda kuɗinsa ba su isa duka biyu ba, ya fara da inuwa.

Maganar tsaro ba ta da sassauci. Gilashin gama-gari yana fashewa ne ya zama wuƙaƙe, kuma daga hawa na biyu a kan titin da yara ke wucewa wannan kisa ne. Ƙofofi da duk gilashin da ya sauko ƙasa da mita 1 daga daɓe su zama gasasshe ko mai leda a tsakiya. Gasasshen ya fi na gama-gari ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, in ya fashe yana zama tsakuwa-tsakuwa, amma ba a yanka shi ba a huda shi bayan an gasa, don haka sai an gama shafe an auna kowace kafa kafin a yi oda. Inda mutum zai iya faɗowa, mai leda ne ya dace, ruɓi biyu manne da juna, domin ko ya fashe yana nan a maƙale. A tuna da nauyi kuma: kowace milimita ta kauri tana da kilo 2 da rabi a murabba'in mita. Fallen gilashi ɗaya mai mita 2 a mita 2 da rabi, kaurin milimita 10, kilo 125 ne. Ba a ɗora wannan a kan siririn alminiyam na kantar shago. Ya fi kyau a maimaita girma iri biyu ko uku a dukan gidan, a sayi ƙari a ajiye, domin ranar da ɗaya ya fashe samun irinsa daga nesa zai ɗauki lokaci, launin ma ba lalle ya zo daidai ba.

Yawancin tsagewar da ake ɗora wa ingancin gilashi daga kafawa take. Alminiyam yana miƙewa da zafi fiye da gilashi sau biyu da rabi. Sanda mai mita 3 tana ƙaruwa da kusan milimita 3 tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar bazara. Dole a bar sarari na milimita 3 zuwa 5 kewaye da gilashin, a zaunar da shi a kan 'yan tubalan roba biyu, kada bakinsa ya taɓa ƙarfe ko kan kusa. A bar ɗan sarari tsakanin firam da kankaren da ke bisansa a cike da abu mai laushi, domin kankare yana ɗan sunkuyawa da shekaru, in ya danne firam gilashi ne zai amsa. Silikon, wato abin da ake liƙe gefen gilashi da shi, in mai warin tsami ne yana lalata bakin gilashi mai leda da mai ruɓi biyu, a nemi marar tsami. Kada a toshe 'yan hujojin da ke gindin firam, ta nan ruwa ke fita, in an cike su sai ya koma ɗaki ya ɓata shafe. Manna leda mai duhu a kan gilashin gama-gari, ko jingina labule mai kauri a jikinsa, yana sa tsakiyarsa ta yi zafi bakinsa na sanyi, sai a wayi gari ya tsage daga gefe ba wanda ya taɓa shi.

Ƙurar hunturu kuwa daga Nuwamba har Fabrairu ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A yi tanadin yadda za a wanke kowace taga daga baranda ko daga ciki, kuma da ruwa ake fara zubar da ƙurar kafin a sa tsumma, in ba haka ba yashin zai kankare fuskar gilashin. Sannan kowane ɗaki ya samu tagogi masu buɗuwa a bango biyu, da ragar sauro. Wutar yankinmu da yawanta daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke layin a watan Agusta na 2023. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'ura, ranar da wuta ta ɗauke ya kori masu shi.

Tsarin da na fi ba da shawara a fili irin namu, a ce mita 20 a 20, shi ne a juya gidan ya kalli kansa. A jera ginin a gefe biyu ko uku, a bar tsakar gida ta akalla mita 6 a 6 da itace ɗaya mai inuwa, a zuba gilashin duka a bangayen da ke kallonta, musamman masu fuskantar arewa da kudu. Matakala da makewayi da ɗakin ajiya su koma yamma su zama garkuwa. Bangayen da ke iyaka da maƙwabta su samu tagogin sama kawai. Falon baƙi da ofis su kalli titi, can babu wanda za a cuta. Da haka iyali za su zauna da labule a buɗe, haske na shiga ta ko'ina, mata na sakewa a kowane hawa. Zauren kakanni ne da tsakar gidansu aka ɗora a kan juna.

Na san za a ce fili na mai shi ne, ya saya da kuɗinsa, kuma gari ba zai ci gaba ba idan kowane maƙwabci zai iya tsayar da gini. Rabin maganar gaskiya ne. Bai kamata a hana kowa hawa sama ba, garin da ke faɗaɗa yana cinye gonaki yana bukatar bene. Amma ba a nemi a rage ko hawa ɗaya ba. An nemi a ɗaga gindin taga, a juya baranda, a sa shinge. A kan takarda, ɗaga taga ba ya cin ko dala, bulo ma ya fi gilashi da alminiyam araha. Tsadar tana zuwa ne idan an gama gini, an yi rigima, an kai ƙara wurin mai unguwa ko alƙali, sannan a zo fasa bango.

Saboda haka ina ganin ma'aikatar magajin gari tana da aikin da za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba. Duk mai neman izinin gina bene a unguwar zama ya haɗa da zane guda da ke nuna ginin a yanke, da katangun maƙwabta da tsayinsu, da layin ido daga kowace taga da baranda da saman rufi, an ja shi daga mita 1 da santimita 60 sama da daɓe. Inda layin ya faɗa tsakar gidan wani, a gyara kafin a sa hannu. Idan gini ya kai lokacin sa tagogi, ma'aikaci ya zo tare da mai unguwa su tsaya a kowace kafa su duba da idonsu, kamar gwajin gadon nan. Masu koyon zanen gini da masu aikin alminiyam su ma a koya musu wannan lissafi, domin galibi su ne ke yanke shawarar girman taga a bakin aiki, ba mai gida ba.

Benayen da aka riga aka gina ma suna gyaruwa, kuma ba sai an rushe komai ba. A fara da zagaya gidan hawa-hawa, da rana sannan da dare bayan an kunna fitilu, a rubuta kowace tagar da ke hango gidan wani. Wadda ba a bukatar buɗe ta, a sauya sashenta na ƙasa da gilashi mai hazo a kafe shi. Wadda ake bukatar iskarta, a sa mata faifan kwance daga waje, a ɗaure su da ƙusoshi masu shiga kankare, kada a rataya su a jikin shafe. Barandar da ke kallon maƙwabci a ɗaga gefenta da bulo mai huji har mita 1 da santimita 80, bayan injiniya ya tabbatar kankaren zai ɗauki ƙarin nauyin, in ba zai ɗauka ba a yi da alminiyam. Kafin ma'aikata su hau, a aika wa gidajen da ke kewaye cewa ranar kaza za a yi aiki a sama, don mata su kintsa.